Tarihin manyan kantunan sauƙi da gine-ginensu a Kano

Kanti mai rassa da yawa, wanda ke sayar da tarkacen kayan gida a kan farashi guda ba tare da ciniki ba, ya samo asali ne daga Amurka. A shekarar 1879 ne Frank Woolworth ya buɗe kantin da ba a sayar da komai a cikinsa fiye da santi biyar, daga baya aka ƙara da kayan santi goma. Ribar waɗannan 'yan kuɗi ce ta gina masa dogon benen nan na birnin New York a 1913, wanda ya fi kowane gini tsawo a duniya har zuwa 1930.

A Kano kuwa, 'yan koli sun daɗe suna wannan sana'a a kasuwar Kurmi, inda ake samun allura da zare da madubi da kwalli a shimfiɗa guda, sai dai kowane abu sai an taya.

Zuwan kamfanonin Turawa

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ita ce ta jawo kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant da Paterson Zochonis da CFAO. Ba a cikin birni suka zauna ba, domin tsarin mulkin mallaka ya ware wa baƙi wuri a bayan ganuwa, kusa da tashar jirgi. Saboda haka mutumin Dala ko Ƙofar Mazugal da ke son atamfa ko fitila ko tasa, sai ya fita ta ƙofa ya nufi Fagge da kewayenta.

Gine-ginen nasu sun sha bamban da rumfunan Kurmi: rufin kwano, da baranda a gaba, da dogon kanta tsakanin mai saye da kaya, da kuma sito a baya inda ake jibge gyaɗa da fatu. Kwarori, wato 'yan Lebanon da Siriya, su ma sun jera nasu shagunan a wurin da ake kira Kantin Kwari, wanda daga bisani ya koma hannun 'yan kasuwar gida, ya zama babbar kasuwar yadi.

Kamfanin UAC ya buɗe Kingsway a Legas a 1948, sa'an nan ya yi rassa a wasu biranen, haka ma Leventis da UTC. To amma ma'aikatan gwamnati da masu hali ne suka fi shigarsu. Takunkumin shigo da kaya da faɗuwar darajar naira bayan shirin SAP na 1986 sun durƙusar da su.

Zamanin baya-bayan nan

Shoprite na Afirka ta Kudu ya buɗe reshe a rukunin kantunan Ado Bayero da ke titin gidan Zoo a 2014, aka kuma rufe shi a watan Janairun 2024. Kantunan 'yan gida irin su Sahad da Jifatu sun fi shi daɗewa a garin.

Babban abin da ya hana irin wannan tsari yin jijiya a cikin lungunan birni shi ne yadda jama'a ke sayayya. Magidancin da abin da ya samu yau shi zai ci yau, sukari da sabulu kaɗan-kaɗan yake saye, kuma mai tebur ko mai shagon unguwa zai ba shi bashi zuwa ƙarshen wata, abin da babban kanti ba ya yi.