Hasken Rana da Tattalin Wuta a Arewacin Najeriya

A watan Oktoban 2024 aka lalata layin wutar da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, jihohin Arewa da dama suka kwashe kwanaki cikin duhu. Masu niƙa suka rufe injina, asibitoci suka koma kan janareta, ga shi mai ya yi tsada tun bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023. Raunin daga tsarin yake: yawancin tashoshin gas suna Kudu, wutar kuwa sai ta bi 'yan layuka masu tsawo kafin ta iso Kano ko Sakkwato.

Shi ya sa hankali ya koma kan rana, wadda Allah ya wadata yankin da ita. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawat 7.1 a 2019, aka buɗe wata mai megawat 10 a Kumbotso a 2023, kuma Dokar Lantarki ta shekarar ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Duk wannan ci gaba ne. Amma a ganina muhawarar ta tsaya a kan samar da wuta, an bar batun tattalinta, alhali a nan ne mai ƙaramin ƙarfi zai fi saurin ganin sauƙi.

A ɗauki gida mai ƙwan fitila 10 irin na da, kowanne wat 60. Idan aka kunna su awa 6, sun sha yunit 3.6. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kusan daidai da wancan, kuma 10 ɗinsa ba su wuce yunit 0.54 ba. Ga wanda ke shirin sa sola, wannan rata ce ke yanke girman batirin da zai saya, batir kuwa yana cikin abin da ya fi cin kuɗi. Haka abin yake ga mai sayar da ruwan sanyi da tsohuwar firiza 'yar gwanjo, robar murfinta ta saki, injin yana ta aiki ba hutu: kafin ya ƙara farantin sola a kan rufi, gyaran robar ya fi masa riba.

Za a iya cewa talaka ba ya samun wutar ma, balle a ce ya yi tattali. Maganar tana da ƙarfi. Sai dai abin da ke hana shi tattalin ba ganganci ba ne. Kayan da ba sa shan wuta sun fi tsada a ranar saye, kasuwa kuma ta cika da jabu. Sannan wanda ba shi da mita, ana kawo masa bil na ƙiyasi, ko ya kashe fitila ko ya bar ta kuɗin ɗaya ne. Da aka kai yunit naira 225 ga masu amfani da wuta 'yan rukunin A a Afrilun 2024, mai mita ne kaɗai ke iya rage abin da zai biya da hannunsa.

Saboda haka jihar da za ta kafa hukumar lantarki ta fara da wadata jama'a da mita, ta haɗa kai da hukumar kula da ingancin kaya ta SON wajen kawar da jabun ƙwan fitila da batura, ta kuma bi ta ƙungiyoyin 'yan kasuwa a ba teloli da masu firiza ingantattun kaya su riƙa biya kaɗan-kaɗan. Gwamnonin Arewa su ware wa wannan kaso a kasafin kuɗi, kamar yadda suke ware wa gina tashoshi.