Takardar Yanka da Yadi Mai Miƙewa: Tarihin Ɗinkin Riga a Gida

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, kusan kowace matar gida a Turai da Amurka ta iya riƙe allura, amma ilimin yanka yana hannun teloli, waɗanda suke shafe shekaru a gaban iyayen gidansu kafin a yarda su sa almakashi a yadi mai tsada. Matar da take son sabuwar riga kuma ba ta da kuɗin tela takan warware tsohuwa, ta shimfiɗa ƙyallayenta a kan sabon yadi ta yanka, ko kuma ta ɗauki ɗan ƙaramin zanen da mujallu irin su Godey's Lady's Book suke bugawa ta yi ta faman faɗaɗa shi har ya kai girman jikinta. Zuwan keken ɗinki, wanda Elias Howe ya yi wa rajista a 1846, Isaac Singer kuma ya fito da nasa a 1851, ya ƙara tona wannan giɓi, musamman bayan kamfanin Singer ya soma sayar da keke a biya kaɗan-kaɗan daga 1856, domin ɗinkin da ake kwana ana yi ya koma na 'yan sa'o'i, alhali yankan yana nan da wuyarsa.

Abin da ya cike giɓin shi ne takardar yanka, wato siririyar takarda da aka fitar da siffar kowane sashe na riga a kanta, gaba da baya da hannu da wuya, yadda mai ɗinki za ta manna ta a kan yadi da fil ta bi gefenta da almakashi. Ellen Demorest ta birnin New York ta fara tallar irin waɗannan takardu a mujallarta tun 1860, sai dai sunan da ya fi tsayawa a tarihi shi ne na Ebenezer Butterick, wani tela daga garin Sterling na jihar Massachusetts, wanda a 1863 ya fara sayar da salo ɗaya cikin girma daban-daban. Da kayan maza da na yara ya fara, a 1866 ya shiga na mata, kuma da yake takardar ba ta da nauyi, ana iya ninke ta a ambulan a aika ta gidan waya zuwa ƙauyen da ba shi da tela. James McCall ya kafa nasa kamfanin a 1870, mujallar Vogue ta shiga kasuwar a 1899, kamfanin Simplicity kuma ya zo a 1927 da takardu masu araha, na santi 15, waɗanda suka sami karɓuwa sosai a shekarun karayar tattalin arziki da suka biyo baya.

Takardun farko ba su ɗauke da rubutu ko kaɗan. Huji-huji ne a jikinsu da 'yan tsage-tsage a gefe, kuma sai mai ɗinki ta koyi cewa huji kaza yana nuna tsayin yadi, tsaga kaza kuma tana nuna inda hannu zai haɗu da kafaɗa, har McCall ya fitar da takarda mai bugaggun layuka da bayani a farkon shekarun 1920. A Jamus al'adar ta ɗauki wata hanya: Aenne Burda ta garin Offenburg, wadda ta fara mujallar Burda Moden a 1950, ta riƙa saka babbar takarda guda a ciki daga 1952, an jibga layukan riguna masu yawa a kan juna, sai mai karatu ta bi layin nata ta kwafe shi a wata takarda.

Duk wannan ilimi an gina shi ne a kan yadin masaƙa, wanda zaren tsaye da na kwance suke gittawa da juna, ba ya kuma miƙewa sai an ja shi a karkace. Saboda haka ake yanka rigar irin wannan yadi ta ɗara jiki faɗi kaɗan don a sami sararin motsi da numfashi, a tsuke ta a ƙirji da ƙugu da 'yan naɗe-naɗen da ake ɗinkewa ta ciki, sannan a sa mata zif ko maɓalli don ta shiga. Akwai kuma wani yadin daban, irin na safa da singileti, wanda zare guda ne ake sarƙa madauki cikin madauki, shi ya sa yake miƙewa ya koma. Injin saƙa shi ya tsufa ƙwarai, tun 1589 William Lee ya ƙirƙira shi a Ingila, amma an daɗe ana kallon yadin a matsayin na safa da kayan ciki da rigunan masunta da na 'yan wasa. Gabrielle Chanel ce ta ɗaga darajarsa a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Farko, inda a 1916 ta sayi yadin jesi daga masaƙar Rodier ta ɗinka wa matan manya tufafin fita da shi, daga baya kuma Claire McCardell ta yi amfani da jesin ulu wajen rigunan yau da kullum a Amurka cikin shekarun 1940.

Matar gida dai ba ta ci moriyar wannan sauyi nan take ba, kuma dalilin yana cikin kekenta. Keken gida na wancan zamani miƙaƙƙen ɗinki kaɗai yake yi, wanda ba ya bin yadi idan ya miƙe, don haka da zarar an zura kai a wuyan riga sai zaren ya tsinke. Allura mai kaifin tsini takan huda zaren saƙar maimakon ta ratsa tsakanin madaukai, abin da ke jawo ɓula ko tsallaken ɗinki, gefen yadin kuma yana nannaɗewa da kansa tun kafin a kai shi ƙarƙashin allura. Maganin waɗannan matsaloli ya zo ne ɗaya bayan ɗaya: kekuna masu ɗinkin zigzag daga kamfanoni irin su Necchi na Italiya da Bernina na Suwizalan sun bazu a gidaje bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka sami allura mai dunƙulallen tsini da zaren foliyesta mai ɗan jurewa ja, Joseph Shivers na kamfanin DuPont ya samar da zaren roba da aka sani da Lycra a 1958, sannan a ƙarshen shekarun 1960 aka ƙera a Japan ƙaramin keken obalok na gida, wanda yake datse gefen yadi yana naɗe shi da zare a lokaci guda.

Kayan aiki sun samu, saura sanin yadda za a yi da su, kuma a nan manyan kamfanonin takardar yanka sun yi jinkiri, mata biyu daga wajensu suka riga su. A 1967 Ann Person ta kafa Stretch & Sew a jihar Oregon, a shekarar kuma Kerstin Martensson, 'yar asalin Suwidin, ta kafa kamfanin da ya zama Kwik Sew a Minneapolis. Person ta fara ne da koyar da mata aji-aji, tana nuna musu yadda za su ɗan ja yadin gaba da baya yayin da yake wucewa ƙarƙashin allura, ta yadda ko miƙaƙƙen ɗinki zai sami sassauci, kuma daga baya shagunanta, masu haɗa aji da sayar da yadi da takarda, suka yaɗu a Amurka da Kanada. Babban darasin da aka koya a wannan zamani ya juya ƙa'idar da teloli suka gada: rigar jesi mai kama jiki ana yanka ta ne ƙasa da awon mai ita, domin yadin ya miƙe ya bi surar jiki da kansa, kuma sau da yawa ba ta bukatar zif ko naɗin tsukewa. Mai ɗinkin da ta saba barin rara ba ta cika yarda da wannan ba sai ta gwada, shi ya sa aji ya fi rubutaccen bayani tasiri.

Daga nan manyan kamfanoni suka bi sahu, suka fara rubuta a ambulan cewa wannan salo na yadi mai miƙewa ne kaɗai, suka kuma buga wani ɗan ma'auni a bayansa: mai saye takan ninka yadi, ta kama inci 4 tsakanin yatsunta, ta ja ta ga ko zai kai alamar da aka yi ba tare da an matsa masa ba, in bai kai ba rigar za ta ɗame ko ta ƙi shiga. Rigar jesi mai ɗaurin gefe da Diane von Fürstenberg ta fitar a 1974 ta zama fitacciyar rigar zamanin, kuma a 1976 sashen takardar yanka na Vogue ya fitar da takardar yankanta, har mace mai keke a ɗaki ta iya ɗinka abin da ake rububinsa a manyan kantunan New York.

Wannan ganiya ba ta daɗe ba, domin mata sun ƙara fita aiki, ɗinkakkun kaya daga masana'antun Asiya kuma suka yi arahar da ɗinkin gida ya daina zama hanyar tsimi, kasuwa ta ja baya har McCall ya haɗiye Butterick da sashen takardar yanka na Vogue a 2001. A wuraren da tela bai taɓa yin nisa da jama'a ba, kamar Kano ko Damagaram, inda ake auna mutum da tef a zana da alli kai tsaye a kan atamfa, takardar ba ta taɓa samun gindin zama ba tun farko. Inda al'adar ta farfaɗo a ƙarni na 21, ƙananan masu zane ne suka ɗauke ta, suna sayar da takardar ta intanet, mai saye ta buga ta a gida shafi-shafi ta haɗa da salatif, bayan ta sa rula ta auna ɗan murabba'in gwaji da ke shafin farko don ta tabbatar na'urar bugawa ba ta rage girman rigar ba.