Jirgin Wane Ne? Tarihin Haya da Sauyin Hannu a Kogin Kwara

Maƙalar wannan mako ta tarihi ce, kuma a kan ruwa za mu yi ta.

Mutumin Damari ko Kuyello, can gabashin ƙasar Birnin Gwari, zai iya cewa babu ruwansa da zancen jirgi, shi manomi ne, abin hawansa babur. Amma ruwan saman da ke sauka a dajin nan ba zama yake yi ba. Rafuka ke kwashe shi su yi kudu, ta kogin Mariga da 'yan uwansa, ya faɗa kogin Kaduna, ya gangara har Muregi a ƙasar Nufe, inda Kaduna ke zuba a Kwara, wato kogin Neja. Wanda ya bi sawun wannan ruwa zai iske mutanen da kasuwarsu da bikinsu da zuwa asibitinsu duk sai da jirgi. A wurinsu, tambayar da ta fi kuɗin haya muhimmanci ita ce: jirgin wane ne, kuma wa zai tuƙa? Tarihin kogin ya nuna cewa jirgi yana iya sauya hannu a yini ɗaya, amma sanin ruwa da riƙon amana ba sa bin takardar ciniki.

Mu fara da harshe, tunda shi ne jarinmu. Asalin kalmar jirgi ta ruwa ce. Sai da Turawa suka zo da dogo da abin tashi sama Bahaushe ya ari sunan ya ce jirgin ƙasa da jirgin sama. Haka kalmar fito: asalinta ƙetarar da mutane da kayansu daga wannan gaɓa zuwa waccan, ladan da ake biya kuma shi ne kuɗin fito. Yau idan aka ce kuɗin fito, hankali kan kwastan yake tafiya. Wannan ya isa shaida cewa fatakenmu sun daɗe suna hayar jirgi, musamman masu zuwa Gwanja saro goro, waɗanda dole su ƙetare Kwara da jakunansu, tafiya da dawowa.

Su wa ke da jiragen a wancan zamani? A ƙasar Yawuri akwai Gungawa, mazauna tsibirai. A Kabi da yammacinta akwai Sarkawa masunta, ga kuma sarautar Sarkin Ruwa a garuruwan bakin kogi. A ƙasar Nufe akwai Kede, waɗanda suka riƙe sufurin kogi, hedikwatarsu Muregi, sarautar shugabansu Kuta. Masanin nan S. F. Nadel, wanda ya zauna da Nufawa a shekarun 1930, ya bayyana yadda Kuta ke da wakilai a garuruwan da ke jere a gaɓar kogi, suna karɓar haraji suna lura da zirga-zirga. Ba a ce tsarin ba shi da zalunci ba, domin fatake sun sha tatsa, kuma jiragen nan sun yi dakon bayi. Amma yana da abu ɗaya: an san mai jirgi, an san gidansu, an san wanda za a kai wa ƙara.

Labarin Turawa biyu ya fito da darajar wannan sani. A 1805 Mungo Park ya isa Sansanding, a ƙasar Mali ta yau. Bai ɗauki hayar kowa ba. Tsofaffin kwale-kwale biyu ya samu, ya harhaɗa ɓangarorinsu masu kyau ya yi jirgi guda, ya sa masa suna Joliba. A watan Nuwamba ya kama hanya, ba ya tsayawa neman izini, wanda ya matso kusa ya sha harsashi. Da suka iso Yawuri sai jagoransa, Amadi Fatuma, ya sauka, domin nan yarjejeniyarsu ta ƙare. Ba su yi nisa ba jirgin ya maƙale a duwatsun Busa, mutanen gaɓa suka far musu, Park ya halaka a ruwa a farkon 1806. Jirgin nasa ne, amma kogin ba nasa ba ne.

Bayan shekara 24, a 1830, Richard Lander da ƙanensa John suka zo Busa, suka haura Yawuri, suka dawo. Su kam makonni suka yi suna lallashin sarakunan Busa da Wawa a kan jirgi. Sun yi ta ƙorafin jinkiri da yoyon jirage, sun yi ta sauya jirgi da matuƙa a hanya, har an kama su a kudu sai da aka fanshe su. Duk da haka sun fita teku da ransu a watan Nuwamba na wannan shekara, suka tabbatar wa Turai inda Kwara ke zuba. Wanda ya bi ta hannun masu ruwa shi ya kai labari gida.

Wannan labari ne ya jawo jiragen tururi, daga nan kuma sauyin hannu ya fara. A 1879 George Goldie ya haɗe kamfanonin Ingila da ke ciniki a kogin suka zama ɗaya. A 1886 gwamnatin Ingila ta ba kamfanin takardar izinin mulki, ya zama Royal Niger Company. Da lasisi da haraji ya toshe wa kowa hanya, har mutanen Nembe, da aka raba da kasuwanninsu na gado, suka kai wa tasharsa ta Akassa hari a Janairun 1895. A Janairun 1897 kuma kamfanin ya yaƙi Bida. Babbar rundunar Nufe tana kudancin kogi a lokacin, wajen Kabba. Jiragen kamfani suka tsare ruwa, wani ɓangare na Kede ya goya musu baya, rundunar ta kasa ƙetarowa, Bida ta faɗi. Ku lura da kyau: ko mai igwa sai da ya nemi masu kwale-kwale.

Ranar 1 ga Janairun 1900 aka sauke tutar kamfani a Lakwaja aka ɗaga ta Ingila. An biya kamfanin diyyar fam 865,000, ya ajiye mulki ya ci gaba da ciniki da sunan Niger Company. Lugga ya fara zama a Jabba, a 1902 ya koma Zungeru, wadda Hausawa ke ce wa Dungurum, a bakin kogin Kaduna. Saboda jirgi ba ya iya kaiwa can da kaya, sai aka shimfiɗa ɗan siririn layin dogo daga Barijuko, inda jirage ke tsayawa. Wato kogin da ruwan Birnin Gwari ke ciyarwa ya taɓa zama hanyar shiga fadar mulkin Arewa.

A 1920 aka sake sauyin hannu, kuma shi ya fi ba da darasi. Attajirin sabulu na Ingila, William Lever, ya sayi Niger Company a kan kuɗi kimanin fam miliyan 8, da jiragensa da rumbunansa da ma'aikatar gyaran jirage ta Burutu, ba tare da ya sa an binciki littattafan kuɗi yadda ya kamata ba. Bayan ciniki ya faɗa sai ga bashin banki na kusan fam miliyan 2, ga farashin manja da gyaɗa ya faɗi warwas. Saura ƙiris kamfaninsa na asali ya durƙushe. A 1929 aka haɗe Niger Company da wani babban kamfani aka samu United Africa Company, wato UAC. Masu dukiya sun sauya sau da yawa, amma a Kano har bayan samun 'yancin kai ana kiran ginin kamfanin Gidan Goldie. Suna yakan daɗe bayan mai shi ya tafi, shi ya sa suna kaɗai bai isa abin dogaro ba.

Abin da bai sauya ba a duk wannan zamani shi ne buƙatar ɗan gari. Yashin Kwara da Binuwai yawo yake yi, inda jirgi ya wuce bara bana yana iya zama tudu. Manyan jirage ba sa haura Binuwai zuwa Yola da Garwa sai 'yan watannin da ruwa ya cika. Don haka kowane sabon mai kamfani ya gaji dogaro da matuƙa 'yan ƙasa masu karanta launin ruwa, da masu auna zurfi da gora a goshin jirgi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Daga nan kogi ya fara rasa kaya. Layin dogo da aka faro daga Baro a 1907 ya iso Kano a 1911. Gadar Jabba ta kammala a 1916, gyaɗa ta riƙa wucewa Ikko kai tsaye. Bayan dogo sai mota, kuma babbar hanyar da ta haɗa Kaduna da kudu ta Birnin Gwari ta bi, ta yi Tegina da Mokwa zuwa Jabba. Manyan jirage suka yi ta raguwa har suka ɓace, aka bar talaka da jirgin katako.

Sai kuma ruwan kansa ya sauya. Madatsar Kainji, da aka gina tsakanin 1964 da 1968, ta haɗiye tsohuwar Busa da duwatsun da suka ci Park, ta tashi mutane sama da 40,000. Jabba da Shiroro suka biyo baya, ga ta Zungeru kwanan nan. Tsohon matuƙi ya san kogi, amma tafki sabon abu ne: faɗi mai tara iska da igiyar ruwa, ga kututturan itatuwa a tsaye ƙarƙashin ruwa. Injin da ake ɗaura wa jirgi a baya ya ƙara gudu, ya kuma sa duk mai jari zai iya sayen jirgi ya ba yaro tuƙi, ko da kakansa bai taɓa riƙe filafili ba. A 1997 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja. Sai dai mashigai sun fi ma'aikata yawa nesa ba kusa ba.

Sakamakon mun sha jin sa a rediyo. Ranar 26 ga Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutane sama da 150 ya nutse a hanyar kasuwar Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. Ranar 30 ga Nuwamban wannan shekara jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai a Jihar Kano ya kife, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A Yunin 2023 'yan biki sama da 100 suka halaka cikin dare a yankin Pategi. Bayanin jami'ai kusan iri ɗaya ne kullum: lodi fiye da ƙima, tsohon katako, tafiyar dare, babu rigar ceto. Ku dubi su waye a ciki: 'yan kasuwa, 'yan biki, 'yan Mauludi, mutanen da suka fito da farin ciki. Akwai kuma waɗanda tsoro ya kora ruwa. A yankin Shiroro, inda daji ya haɗe da na Birnin Gwari, mutane sun sha shiga jirgi suna gudun 'yan bindiga, wasu ba su kai gaɓa ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

To, me mai ɗaukar shata zai koya daga wannan tarihi, ko na kai amarya ne, ko na yawon Sallah a Tiga, ko na kallon Rigata a Yawuri? Idan an ce masa ai jirgin gidan wane ne, ya tambaya ko har yanzu a hannunsu yake. Idan an sayar, ya tambaya ko tsohon matuƙi ya biyo jirgin, da wanda ke duba katako yana toshe yoyo, da yaushe aka yi gyaran ƙarshe. Sabon fenti ba ya hana ruɓaɓɓen katako shan ruwa. Ya ƙirga mutane da kansa, ya nemi rigar ceto, ya ƙi tafiya bayan magariba. Sabon mai jirgi ba lallai ya zama mugu ba, wani ma ya fi na da gyara. Amma kamar Lever, yana iya zama bai san abin da ya saya ba, ga kuma gaggawar mayar da kuɗinsa, wadda ita ce uwar lodi.

Mu kuma masu alƙalami, akwai aiki a gabanmu. Yawancin abin da aka rubuta a kan jiragen Kwara matafiya da kamfanoni ne suka rubuta shi, shi ya sa muka san sunan jirgin Park amma ba mu san sunayen matuƙan da suka kai su Lander teku ba. Har gobe rahoton hatsari yakan ba da adadin gawa ya tsaya, ba ya faɗin wanda ya sassaƙa jirgin, da hannu nawa ya bi, da wanda ya karɓi kuɗin fito a ranar. Imani da ƙaddara bai hana bin ba'asi ba. Wanda ke kusa da Yawuri ko Zungeru ko Bagwai ya je mashigi ya zauna da Sarkin Ruwa da tsofaffin matuƙa da kafintocin jirgi, ya rubuta yadda ake zaɓen itace, yadda ake gane hanya, da yadda ake cinikin tsohon jirgi, tun masu sanin suna raye. Wanda ya samo wani abu ya kawo mana nan mu karanta tare.

Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya tsare na kan hanya. Sai mako mai zuwa.