Aski da Reza da Sabulu: Yadda Za a Fara da Kuɗi Kaɗan Ba Tare da Cutar da Fata Ba

Askin reza shi ne a jiƙa gashi da ruwan ɗumi, a shafa kumfar sabulu, sannan a aske da reza mai baki biyu wadda ake ɗaurawa a mariƙin ƙarfe. Irin wannan mariƙi ya yaɗu a duniya bayan da King Camp Gillette ya fara sayar da shi a Amurka a 1903. Yana da araha domin mariƙi ɗaya yakan yi shekaru, rezar kawai ake sauyawa. Babban amfaninsa ga lafiya shi ne mutum ya mallaki kayan askinsa shi kaɗai. Sai dai idan ba a iya ba, yana jawo yanka da ƙuraje, musamman ga masu nannaɗaɗɗen gashi.

Kayan da ake buƙata

- Mariƙin reza na ƙarfe mai murɗi, wanda ke rufe rezar ya bar bakinta kaɗan a waje.
- Fakitin reza mai baki biyu, kowace a cikin takardarta.
- Sabulun aski ko sabulun wanka marar ƙarfin turare. Kada a yi amfani da sabulun wanki, domin yana busar da fata.
- Buroshin aski idan da hali. Idan babu, tafin hannu ma yana tayar da kumfa.
- Tawul mai tsabta na mutum ɗaya.
- Man kaɗanya ko basilin don shafawa bayan aski.
- Ɗan dutsen alif, wanda ke tsayar da jinin ƙaramin yanka.

Yadda ake yin askin

1. A wanke hannu da wurin da za a aske, a ɗora tawul mai ruwan ɗumi na minti 2 zuwa 3. Gashin da ya sha ruwa yana laushi, reza ba ta jan sa. Bayan wanka ne lokaci mafi dacewa.
2. A shafa a ji yadda gashi ya kwanta. A kumatu yawanci ƙasa yake kallo, a wuya kuwa yakan karkata ta kowane ɓangare.
3. A shafa kumfa mai kauri. Idan ta bushe kafin a gama, a ƙara ruwa.
4. A riƙe mariƙin a karkace, bakin rezar ya yi kusan digiri 30 da fata. Kada a danna. Nauyin mariƙin ya isa.
5. A ja kaɗan-kaɗan, ana bin kwanciyar gashi, ana ɗauraye rezar bayan kowane ja.
6. Kada a ja fata da ɗaya hannun don a sami sumul, kuma kada a maimaita wuri ɗaya babu kumfa.
7. A ɗauraye da ruwan sanyi, a tsane da tawul, a shafa mai. Wannan ya fi muhimmanci a lokacin hunturu.

A sauya reza bayan aski 5 zuwa 7, ko da zarar ta fara jan gashi. Tsimin kuɗi da dakusasshiyar reza yakan ƙare a sayen magani. A busar da mariƙin bayan amfani don kada ya yi tsatsa. Tsohuwar reza kuma a jefa ta cikin gwangwani mai murfi, domin yara sukan tsince ta su fere fensir ko su yanke farce.

Ƙurajen aski

Idan aka aske nannaɗaɗɗen gashi har saiwa, bakinsa yakan yi tsini. Yayin da yake tsirowa sai ya lanƙwaso ya soki fata, ko ya tsira ta ƙarƙashinta. Jiki yana ɗaukarsa kamar ƙaya, sai wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci har da ruwan mugunya. An fi ganin su a wuya da ƙarƙashin haɓa, kuma suna fitowa a hammata da mara. Idan aka ci gaba da aski a kansu, sukan bar baƙin tabo ko tabo mai tudu.

Magani na farko shi ne a dakatar da aski na mako 3 zuwa 4 har gashin ya fito fili. Bayan haka a koma injin aski, a bar gashi kamar milimita 1. Kada a matse ƙurajen, kada a tsige gashin. A guji shafa man bilicin ko wani mai ɗauke da sitiroyid ba da umarnin likita ba, domin yana siranta fata ya ƙara ƙuraje. Masu fama da ƙurajen ƙeya su daina gyaran fuska da reza a wannan wurin gaba ɗaya.

Haɗarin reza ɗaya ga mutum biyu

Reza takan ɗauki jinin da ido ba ya gani. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, kuma yawancin masu ɗauke da ita ba su da wata alama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a 2022. Cutar hanta nau'in C da ƙanjamau ma ta jini suke bi, makero kuma yana bin kayan aski daga kai zuwa kai.

Saboda haka kada a yi aron reza, ko tsakanin mata da miji ko uba da ɗa. Mai zuwa wurin wanzami ko shagon aski ya tafi da kayansa, ko ya tabbatar an buɗe sabuwar reza a gabansa. Goge aska da tsumma ko ɗan sifirit bai isa a dogara da shi ba. Akwai allurar rigakafin cutar hanta nau'in B, manya sukan karɓi 3 cikin wata 6, kuma yana da kyau a yi gwajin jini tukuna.

Waɗanda za su yi hattara

Masu shan maganin sirka jini irin su warfarin, da masu ciwon rashin daskarewar jini, injin aski ya fi musu. Masu ciwon suga su kula da kowane yanka, domin rauninsu yana jinkirin warkewa. Kada a bi da reza ta kan gyambo, ƙurji ko wurin da makero ya kama.

Yaushe za a ga likita?

- Jini bai tsaya ba bayan an danne wurin minti 10.
- Wurin ya kumbura, yana zafi, yana fitar da mugunya, ko an fara zazzaɓi.
- Ƙuraje ba su lafa ba bayan wata 1 da barin aski.
- Tabo yana tudu yana ƙara faɗi.
- An yanke da reza mai tsatsa, ko wadda wani ya yi amfani da ita. A wannan hali a je asibiti a ranar, domin rigakafin sandarewar jiki da na cututtukan jini ya fi aiki idan an yi shi da wuri.