Daga Tawadar Allo Zuwa Gam na Ifoksi: Yadda Matsayin Gawayi Ya Sauya a Cikin Abin Liƙi

Haɗa baƙin gawayi da abu mai danƙo tsohuwar sana'a ce a ƙasar Gobir, domin tun zamanin da Alƙalawa take babban birnin Gobirawa, kafin faɗuwarta a shekarar 1808, makarantun allo suna dogara ne da tawadar da ake yi da garin gawayi ko baƙin tukunya, a dafa shi da ƙaro, wato danƙon da ke tsatsowa daga jikin itatuwa irin su dakwara. Har yau haka almajirai ke yi a Sabon Birni da Isa, kuma a cikin wannan haɗi kowane ɓangare yana da aikinsa, ƙaro yana riƙewa, gawayi yana ba da launi, ba tare da ɗayansu ya sauya ɗabi'ar ɗan'uwansa ba. Wannan ne ya sa ruwa kaɗan ya isa a wanke allo, tunda ƙaro bushewa kawai yake yi, kuma abin da bushewa ta ƙamar, jiƙawa tana iya narkar da shi.

Gam ɗin da makanikan babura ke toshe tankin mai da shi a waɗannan garuruwa, wanda ke zuwa cikin bututu biyu a haɗa su daidai wa daida, ya bi wata hanya dabam. Sunansa ifoksi, kuma ba bushewa yake yi ba, sai dai ƙwayoyin danƙon da na maganin ƙamarwa su sarƙu da juna ta kowace fuska kamar saƙar raga, har su zama dunƙule guda wanda ruwa ba ya narkarwa. Masanin Jamus Paul Schlack ya yi rajistar tushen wannan haɗi a 1934, sannan Pierre Castan, wanda yake neman abin da za a yi haƙoran roba da shi a ƙasar Suwizalan, da Sylvan Greenlee a Amurka, suka kai shi matakin da masana'antu za su iya amfani da shi, har kamfanin Ciba ya fito da shi kasuwa a 1946 da sunan Araldite.

Shi kuwa kabon, wato sinadarin da gawayi da baƙin hayaƙi suka ƙunsa, ya daɗe ana ɗaukarsa a matsayin ciko, abin da ake zubawa don ƙara auki ko launi. Wannan fahimta ta fara sauyawa a farkon ƙarni na 20, lokacin da masu yin taya suka gano cewa baƙin hayaƙi yana ninka juriyar roba, wanda shi ne dalilin da ya sa tayoyi suka koma baƙaƙe bayan da farare ne. Daga nan aka samu zaren kabon a ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960 a Amurka da Japan da Ingila, aka riƙa jiƙa shi da ifoksi ana ƙera abubuwa marasa nauyi masu ƙarfi, har ta kai kusan rabin nauyin jikin jirgin Boeing 787, wanda ya fara tashi a 2009, daga ire-iren wannan haɗi yake.

Mataki na gaba ya biyo bayan rahoton Sumio Iijima na Japan a 1991 game da siraran bututan kabon da ido ba ya gani, da kuma ware girafin, wato shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya, wanda Andre Geim da Konstantin Novoselov suka yi a Jami'ar Mancesta a 2004. Da aka zuba waɗannan a cikin ifoksi don ƙara masa ƙarfi, sai aka lura cewa wasunsu suna sa shi ƙamewa da wuri ko a zafin da bai kai na da ba, musamman waɗanda fuskarsu ke ɗauke da ƙwayoyin oksijin da haidirojin, domin waɗannan suna taimakawa wajen ɓalle ɗan zoben da ke bakin ƙwayar ifoksi, wanda sai ya buɗe sarƙuwar take farawa. Abin da ke irin wannan aiki masana na kiransa mai zuga, saboda yana hanzarta haɗuwar sinadarai kamar yadda zugazugin maƙeri ke hura wuta ba tare da ya shiga cikin ƙarfen ba. Bugu da ƙari, tunda kabon yana ɗaukar zafi da lantarki, ana iya tura wuta ta cikinsa ya dafa danƙon daga ciki, a rage buƙatar manyan tanderu masu cin makamashi.

Sai dai zugar tana da iyaka, domin idan cikon ya yi yawa yakan dunƙule, haɗin ya yi kauri, ƙwayoyin su kasa isa ga juna, ƙamewar ta yi jinkiri ko ta tsaya ba ta kammala ba. Saboda haka binciken yanzu ya fi karkata ga awo da yadda za a watsa cikon ko'ina daidai, matsalar da mai dafa tawada a Isa ya san irinta, tunda shi ma idan gawayinsa bai niƙu ba ko ya rinjayi ƙaro, rubutun kan kaɗe daga allo tun kafin a biya karatun.