Eyam: Ƙauyen da Ya Killace Kansa

Eyam, wanda mazauna wurin ke furta sunansa "Iim", ƙauye ne a gundumar Derbyshire ta Ingila, cikin tsaunukan Peak District. Mutanensa ba su kai dubu ba a ƙidayar 2011. Tsohon mazauni ne: sunansa na cikin kundin Domesday na 1086, kuma a harabar cocin St Lawrence akwai gicciyen dutse na zamanin Sakson. Haƙar dalma da kiwo su ne sana'o'in da suka daɗe suna riƙe da garin.

Annobar 1665 ce ta fito da sunan Eyam. An kawo wa telan garin ƙunshin yadi daga Landan, ashe akwai ƙuma masu ɗauke da cuta a ciki. Mataimakinsa George Viccars ya warware yadin ya shanya kusa da wuta, bai daɗe ba ya kwanta, ya rasu a Satumba. Cutar ta lafa da sanyi, ta dawo da ƙarfi da bazara.

A Yuni 1666 limamin coci William Mompesson da magabacinsa Thomas Stanley, waɗanda aƙidarsu ta sha bamban, suka haɗa kai suka shawo kan jama'a: ba shiga, ba fita. Ibada ta koma fili a kwarin Cucklett Delf, kowane gida ya binne mamatansa da kansa. Maƙwabta kan ajiye abinci a bakin iyaka, su kwashi kuɗinsu daga ramukan wani dutse da aka cika da ruwan khal. Dutsen na nan har yau, ramukansa daidai zura yatsa.

Mutanen sun ɗanɗana kuɗarsu. Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas a Agusta, a gonar Riley. Catherine, matar Mompesson, ita ma ta rasu a wannan watan. Kafin cutar ta ɗauke a Nuwamba, aƙalla mutum 260 sun mutu. Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne, hanya a buɗe take, birnin Sheffield na kusa, amma mafi yawansu suka zauna.

Yau gidajen dutsen da ke kusa da cocin na ɗauke da alluna masu sunayen waɗanda suka mutu a cikinsu, kuma har yanzu da mutane a ciki. Duk Lahadin ƙarshe ta Agusta akan taru a Cucklett Delf don addu'a, a kuma ɗora furanni a kabarin Catherine.