Amanar Mai Naɗe Laima

Kalmar laima, kamar yadda malaman lugga suka bayyana, daga Larabci muka aro ta, watau alkhaima, tantin da matafiyi ke kafawa a sahara. Muka ba da sunan ga wadda ake riƙa wa sarki ranar hawa, da wadda talaka ke fakewa a ƙarƙashinta da damina, har zamani ya kawo wadda ake dirowa da ita daga jirgin sama, ita ma muka kira ta laima. Kakanninmu da suka je yaƙin Bama sun san ta ido da ido, gama a shekarar 1944, sa'ad da Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta kutsa kwarin kogin Kaladan, inda babu hanyar mota sai kurmi da tsaunuka, abincinsu da harsashinsu da magungunansu duk ta sama ake jefo musu, rataye da laima.

Wanda ya fara dirowa daga nesa a gaban jama'a Bafaranshe ne, André-Jacques Garnerin, wanda a ranar 22 ga Oktoba 1797 ya tashi daga lambun Monceau a birnin Faris cikin kwando, ƙarƙashin wani ƙaton balan-balan, da ya kai kimanin mita 1,000 sai ya yanke igiya; laimarsa ta alharini, da yake ba ta da kafar fitar iska a ƙoƙuwarta, ta yi ta lilo da shi har 'yan kallo suka fid da rai, amma ya sauka da numfashinsa. Shekara ɗari da 'yan kai bayan haka abin bai wuce wasan tara jama'a ba. Sai da jirgin sama ya bayyana, matuƙa suka fara halaka, sa'an nan aka dube shi da idon basira. Wani Barashe ɗan wasan kwaikwayo, Gleb Kotelnikov, ya ga mutuwar matuƙi Lev Matsievich a 1910, abin ya tsaya masa a rai, har a 1911 ya ƙago laimar da ake naɗewa cikin jaka a goya a baya. A Amurka kuwa, ranar 28 ga Afrilu 1919, a filin McCook na jihar Ohio, Leslie Irvin ya faɗo daga jirgi ba igiyar da ta haɗa shi da kome, ya ja mabuɗin da hannunsa, alhali mutane da yawa a lokacin sun yi imani cewa mai faɗowa suma yake yi tun bai ankara ba. Ya karya idon sawu wajen sauka, amma hujja ta tabbata.

A wannan fili dai, ranar 20 ga Oktoba 1922, jirgin Laftana Harold Harris ya lalace a sama, ya yi tsalle, laima ta cece shi. Daga nan aka kafa wata ƙungiya da aka raɗa wa sunan tsutsar alharini, wadda ba a shigarta da kuɗi ko da alfarma, sai dai in mutum ya tsira da laima daga jirgin da ya halaka, kuma alamarta 'yar tsutsa ce ta zinariya da ake maƙalawa a ƙirji. Matuƙi Charles Lindbergh sau huɗu yana cancantar ta. Mu da muka san rigar tsamiya, muka kuma san irin ƙanƙantar halittar da zarenta ke fitowa daga gare ta, ba za mu rasa fahimtar hikimar wannan suna ba: jarumawa ne suka yarda a fili cewa rayukansu, bayan ƙudurar Ubangiji, sun rataya ga aikin wani abu da ba shi da suna.

Ni a ganina asalin zumuncin 'yan laima ke nan, kuma ya fi bayyana ga sojoji. A Rasha sojojin laima sun samo asali ranar 2 ga Agusta 1930, sa'ad da mutum 12 suka diro kusa da Voronezh. Har wa yau tsofaffin sojojin laima na can suna fitowa a wannan rana da shuɗɗan huluna da riguna masu zane-zane, ranar da ta dace da idin Annabi Iliyasu, alaihis salam, a cocinsu. Jamus ta ci tsibirin Kirit da su a watan Mayu 1941, amma da asarar da ta sa ba ta ƙara yin babban hari irinsa ba. Ingila da Amurka suka kafa nasu tun daga 1940.

Sai dai a dubi abin da ke gudana a cikin jirgi, minti kaɗan kafin a buɗe ƙofa. Mutane na zaune a jere, kowa ya yi nauyi da kaya har ba ya iya sunkuyawa sosai. Shugaban dira ya ba da umarni, su miƙe, kowa ya maƙala ƙugiyar igiyarsa a wayar da ta bi tsawon jirgin. Sa'an nan, da yake babu mahalukin da ke ganin bayansa, kowane mutum ya duba jakar wanda ke gabansa, ya bi igiyar da yatsa, ya tabbata ba ta sarƙe a hammata ko a wuya ba, ya buga masa cinya alamar lafiya, wannan bugu ya yi ta tafiya daga na ƙarshe har ya iso ga na bakin ƙofa. Hafsa da kurtu duk ɗaya suke a wannan sahu, kamar dai sahun salla. Mutumin da ya taɓa bin igiyarka da yatsansa cikin duhu da rugugin inji, ina za ka manta shi, ko da kun shekara hamsin ba ku gana ba?

Akwai kuma wanda ba ya cikin jirgin, shi ne mai naɗe laima. A kan dogon tebur yake shimfiɗa ta, ya duba ƙyallen fanni-fanni don neman ƙuna ko yagewa, ya tsefe igiyoyin ɗaya bayan ɗaya kamar masaƙi yana gyaran zare, ya ninke, ya cusa, ya rufe, sa'an nan ya rubuta sunansa a ɗan littafin da ke cikin aljihun jakar, domin in wani abu ya faru a san hannun wa ya bi ta kanta. A sojan Amurka ɗalibin wannan sana'a sai ya diro da laimar da ya naɗe da kansa. A Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu mata ne suka yi yawancin aikin. Da yaƙi da Japan ya yanke hanyar alharini aka koma ga nailan, wadda ta fara gwada sabuwar laimar da jikinta, ranar 6 ga Yuni 1942, wata mai naɗi ce, Adeline Gray. Ban san wata sana'a da ma'anar amana ta fito a cikinta ƙarara haka ba, gama mai goya jakar ba shi da ikon buɗe ta ya bincika, sai a wurin da bincike ba shi da sauran amfani.

Tunawa kuwa ta zame wa 'yan laima kamar farilla. A Arnhem ta ƙasar Holan, cikin Satumba 1944, kimanin mutum 10,000 suka sauka, waɗanda suka samu ƙetare kogin Rhine suka koma ba su wuce 2,400 ba. Tun daga 1945 yaran makaranta na wannan yanki ke zuwa maƙabartar Oosterbeek kowace shekara, kowane yaro ya tsaya gaban kabari ɗaya da furanni a hannu. A Normandi, a 2019, Tom Rice, wanda ya diro can a daren 6 ga Yuni 1944, ya sake dirowa yana da shekara 97, ɗaure da wani ɗan laima.

Da yaƙi ya ƙare, laimomin soja suka yi arha, tsofaffin sojoji suka mai da abin wasa. Aka yi gasar duniya ta farko a Bled ta Yugoslabiya a 1951. 'Yan wasa sun gaji ladubban nan duka: suna duba wa juna ƙugiya da mabuɗi kafin hawa, suna sa wa juna hannu a littafin dira a matsayin shaida, suna yi wa juna fatan shuɗin sama wajen sallama da wajen ta'aziyya, kuma wanda laimarsa ta biyu, ta ko-ta-kwana, ta cece shi, al'ada ce ya kai wa mai naɗinta tukuici. Daga mita 4,000 mutum na da kamar minti ɗaya yana faɗowa da gudun kilomita 200 a sa'a. A cikin irin wannan minti ne, a Afrilu 1987 a jihar Arizona, Gregory Robertson ya hangi Debbie Williams ta yi karo da wani ta suma tana juyawa, ya haɗe hannuwansa ya nutsa da ka, ya cim mata, ya ja mabuɗinta, sa'an nan ya ja nasa, saura daƙiƙu kaɗan su isa ƙasa. Wani Bajamushe, Helmut Cloth, rasuwar abokinsa ce ta sa ya ƙera na'urar da ke buɗe laima ta biyu da kanta in mai ita ya gaza, ta fito a 1991. A ranar 8 ga Fabrairu 2006 kuma mutum 400 daga ƙasashe 31 suka riƙe juna a sararin Udon Thani ta Tailan na tsawon daƙiƙa huɗu da 'yan kai.

Joseph Kittinger ya diro daga kimanin mita 31,300 ranar 16 ga Agusta 1960, hannunsa na dama a kumbure saboda safar hannunsa ta ƙi riƙe iska, kuma shekara 52 ba wanda ya wuce shi. Ranar 14 ga Oktoba 2012, da Felix Baumgartner ya hau kusan kilomita 39 don ya karya wannan tarihi, muryar da ke cikin kunnensa daga ƙasa ta Kittinger ce, dattijo mai shekara 84, zaune gaban na'ura da takarda a hannu, yana karanta masa abubuwan dubawa ɗaya bayan ɗaya: ya buɗe ƙofa, ya matso da kujera, ya kwance ɗamara, ya cire bututun iska, ya tsaya a kan matakin waje.